Yadda Ake Tayar da Ƙaramin Injin Kwale-kwale

An sha tambayata wannan, to ga yadda nake yi:

1. Kowa ya sa rigar kariya tun a bakin gaɓa, har wanda ya iya iyo.
2. Duba ƙusoshin da suka riƙe injin, ka ƙara ɗaure su.
3. Duba mai. In injin mai haɗa fetur da baƙin mai ne, yawanci mililita 100 na baƙin mai ake zuba wa lita 5 na fetur, amma bi abin da littafinsa ya ce.
4. Buɗe mashaƙar iskar tanki.
5. Sauke farfela cikin ruwa. Hattara! Nan ake ɓarna. Ka tayar da shi a bushe, cikin daƙiƙoƙi robar famfon ruwan da ke sanyaya injin ta ƙone, ga kuma wahalar canji.
6. Matsa robar tiyon mai har ta yi tauri.
7. Ɗaura igiyar kashe inji a jikinka. In ka faɗa ruwa, ita za ta kashe shi.
8. Sa giya a firi.
9. Ja cok (abin da ke rage iskar da ke shiga inji) in injin ya yi sanyi.
10. Waiwaya kada ka gwabje wani, sannan ka fizgi igiyar tayar da inji.
11. Ya tashi? Mayar da cok.
12. Leƙa bayan injin. In ruwa ba ya tsartuwa, kashe shi nan take.