Ga mai shirin zuwa Zanzibar

'Yan uwa, duk wanda zai je tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, kada ya ƙare kwanakinsa a bakin teku kawai. Ku ware kwana biyu don tsohon gari, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Daga Dar es Salaam jirgin ruwa mai sauri kusan awa biyu ne.

Ku fara da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Lungunan suna da ƙunci da ruɗarwa, don haka ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, amma ku daidaita kuɗi tun kafin ku tashi. Ku tsaya ku kalli ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu har da ayoyi. Cocin Angilikan kuwa a filin tsohuwar kasuwar bayi aka gina shi, kasuwar da aka rufe a 1873. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke wurin suna sa jiki ya yi sanyi. Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rushe a 2020, sai dai kallo daga waje.

Ni dai abin da ya fi kama zuciyata taarab ne: kiɗan Larabawa da Indiya a waƙar Swahili, da kayan kiɗa masu tsirkiya irin su oud da ƙanun. Ku nemi makarantar kiɗa ta Dhow Countries, suna yin wasa da yamma. In Fabrairu za ku je, galibi a watan ake yin bikin kiɗa na Sauti za Busara.

Yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne, ku yi shiga ta mutunci.