Yadda ake wasa da ƙananan yara a gidan marayu

In kana Gusau ko wani gari a Zamfara kuma kana son ka riƙa leƙa gidan marayu, don Allah kar ka shiga wurin yaran kai tsaye da ledar biskit da waya a hannu. Fara zuwa ku gaisa da shugabar gidan, in na gwamnati ne za su iya turaka ma'aikatar harkokin mata neman izini, sannan ka zauna da iyayen da ke renon yaran, su ne suka san wa ke firgita, wa baya son a taɓa shi, wa ya daina magana tun da aka kawo shi.

Ka zaɓi rana ɗaya da za ka iya riƙewa, ko Asabar ce bayan la'asar in rana ta yi sanyi, awa guda ma ta isa. Wallahi wannan ya fi komai, yaron da ya rasa uwa da uba in ya saba da kai ya fara ce maka kawu ko anti sannan ka ɓace, ka ƙara masa wani rashin ne. In ba za ka samu zuwa ba ka aiko a gaya musu.

Kayan wasa ba sai ka kashe kuɗi ba. Karan dawa a yi mota da 'yar tsana, kwali, alli, fensir mai kala, tsummokaran tela, laka a gina shanu da tukwane. Amma lakar nan a kula inda aka ɗebo ta, kar ta fito wajen da ake haƙa ko niƙan zinari, ba mu manta gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum a 2010 ba, kuma ƙanana komai baki suke kaiwa. A wanke hannu da sabulu in an gama.

Ka zauna ƙasa kan tabarma daidai tsayinsu. 'Yan mata a yi gaɗa da carafke, maza langa, 'yan ƙanana kuwa tafi da waƙa kawai ya ishe su. In sun gaji ka ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, a kawo Gizo da Ƙoƙi, amma tatsuniyar kishiyar uwa mai azabtar da marainiya a barta tukuna.

Banda bindigar roba, banda balan-balan mai fashewa, banda wasan ɓarawo da ɗan sanda, wasu yaran ƙarar harbi ce ta raba su da ƙauyensu. In yaro ya zana abu mai ban tsoro kar ka tsare shi da tambaya, ka ce masa ba ni labarin zanen nan, in ya yi shiru ka ƙyale shi, daga baya ka sanar da mai renonsa.

Kar ka ware mai wayo ko kyakkyawa ka yi ta ɗauka, wanda ya rakuɓe a lungu yana kallo. Hoto kuma a bar wayar a aljihu, fuskar maraya ba ta Facebook ba ce ko da za a samu taimako da ita. Saura minti goma ka tashi ka sanar da su, a tattara kaya tare, ka faɗa musu ranar da za ka dawo.