Yadda za ku koya wa yaro bin diddigin he, she da it don ya gane karatun Turanci

Akwai yaran da za su karanta shafi guda na Turanci ba tare da gargada ba, amma in aka tambaye su wa ya yi me a labarin, sai su yi tsuru-tsuru. Iyaye kan ce ƙarancin kalmomi ne, sai a nufi kasuwar Sabon Gari a sayo ƙamus. Ƙamus na da ranarsa, sai dai sau da yawa ba manyan kalmomi ne ke ɓatar da yaro ba, ƙananan nan ne da ba wanda ke duba su a ƙamus: he, she, it, they, his, her, who, which. Su ne wakilan suna. Yaron da ya kasa gane wa ake nufi da he a layi na uku tamkar wanda ya kuskure kwanar da zai sha ne a lungunan cikin gari, duk tafiyar da zai yi daga nan nesanta shi take yi. Ga yadda uwa, ko yaya, ko malamin lesin zai gyara wannan da minti 20 a rana, bayan an taso daga Islamiyya ko bayan Magariba.

Ku fara da zaɓen abin karantawa. Sakin layi ɗaya ya isa, jimla biyar zuwa takwas, kuma ya zama akwai mutane aƙalla biyu a ciki. Littafin Turancin ajinsu ya wadatar. Ga ɗan babbar sakandare kuwa, jarida ta fi: Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ne, sau da yawa za ku tarar da labari guda a cikin biyun. In yaro ya fara karanta na Hausar, ya riga ya san su wane ne a ciki, sai hankalinsa ya koma kan yadda Turanci ke nuna su. Wanda yake kusa da titin Ahmadu Bello a Kano yana iya leƙa ɗakin karatu na Murtala Muhammad. Fensir kawai ake buƙata, ba biro ba, domin za a yi ta gogewa.

Daga nan ku bar shi ya karanta sau ɗaya a zuci, ku hana shi tsayawa a kan kalmar da bai sani ba. In ya gama, tambaya ɗaya tak: su wane ne a labarin, kuma waɗanne abubuwa ne a ciki? Ya faɗa da Hausa, ba laifi. Wasu na ganin amsa da Hausa koma baya ne, ni ban yarda ba. Abin da ake aunawa a nan fahimta ce, ba iya baki ba.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin, a nan za ku daɗe. Yaro ya zagaye kowane wakilin suna da fensir, sa'an nan ya ja kibiya daga shi zuwa sunan da yake wakilta. Ɗauki wannan misali:

Amina took her goat to the market. It was sick, so nobody bought it. When she came home, her mother gave it some medicine.

Za ku ga wani yaron ya ja kibiyar it ta farko zuwa market, don ita ce ta fi kusa. Kada ku ce masa ya yi kuskure. Ku ce ya cire it ya sa market a gurbinta ya karanta da ƙarfi. Kasuwa ba ta da lafiya, aka ba kasuwa magani? Da kansa zai yi dariya ya goge kibiyar, ya mai da ita kan akuya. Wannan gwajin na sa suna a gurbi shi ne abin da kuke so ya zame masa jiki, domin ranar jarrabawa ba kwa kusa da shi.

In ya saba, ku ƙara masa nauyi da maza biyu ko mata biyu a jimla ɗaya:

Musa met Sani at the motor park. He was carrying a heavy bag, so Musa helped him.

Nan jinsi ba zai cece shi ba, duk biyun he ne. Sai ya karanta har ƙarshe ya ga Musa ne ya yi taimakon, ashe kenan Sani ne mai kaya. Ta haka yaro ke koyon cewa wani lokaci amsar tana gaba, ba baya ba. Ku kuma faɗa masa tun da wuri cewa akwai it marar uban gida. A It is raining babu wani abu da take wakilta, daidai take da "ana ruwa". Kada ya wahalar da kansa neman inda zai kai kibiya.

Sai mataki na huɗu, wato ɗora Hausa da Turanci gefe da gefe. Kurakuran da ɗan Bahaushe ke yi a wakilin suna ba na sakarci ba ne, dokar Hausa yake bi a inda ba ta aiki, kuma da zarar an nuna masa hakan sai abin ya yi sauƙi.

Na farko, Hausa ba ta da it. Komai a wurinmu ko shi ne ko ita: littafi shi, mota ita, gida shi, makaranta ita. Shi ya sa za ku ga yaro ya rubuta game da mota ya ce she is old. Ku sa shi ya zagaya tsakar gida yana nuna abubuwa, tabarma, buta, murhu, bokiti, yana cewa it a kan kowanne, sa'an nan ya nuna ƙannensa da he da she. Gaskiya ne Turawa kan ce wa jirgin ruwa ko ƙasa she a wasu rubuce-rubuce, amma wannan ku ajiye shi sai gaba.

Na biyu ya fi yawa a takardun yara: Musa he went to school. A Hausa dole ne mu ce "Musa ya tafi", ba a cewa "Musa tafi", domin wannan "ya" ɗin ita ke ɗauke da lokacin aikin. Turanci kuwa a jikin aikatau, wato kalmar aiki, yake sa lokaci, don haka ɗaya ake zaɓa, ko Musa went ko he went. Ku rubuta masa jimloli biyar masu wannan cuta, ya soke abin da ya yi yawa.

Na uku, his da her. Ku rubuta "motarsa" ku raba ta: mota, r, sa. Wannan "r" ta mota ce saboda tamata ce, "sa" kuma na mai motar ne. Turanci ba ruwansa da jinsin motar, mai ita kaɗai yake kallo. Musa sold his car, ba her car ba. Haka kuma Hausa na bambanta wanda, wadda da waɗanda ta jinsi da adadi, alhali Turanci abin da yake tambaya shi ne mutum ne ko abu: who ga mutum, which ga abu, komai yawansu.

A you kam mu ne muka fi Turawa wadata, muna da kai, ke da ku, su kalma ɗaya. Saboda haka in labari yana da hira, yaro ya rubuta sunan mai magana da wanda ake yi wa a gefen kowane layi, domin I da you na sauya mai su duk lokacin da baki ya sauya.

Bayan an yi mako biyu ko uku a haka, ku juya aikin. Ku ɗauki sakin layin da ya riga ya karanta, ku kwafe shi a littafin rubutu kuna barin gurbi a duk inda wakilin suna yake, ya cike. Wata rana kuma ku ba shi labarin da aka yi ta maimaita suna, Amina ta je, Amina ta saya, Amina ta dawo, ya rage maimaicin da she da her ba tare da labarin ya rikice ba. Wannan ya fi cike gurbi wuya, domin sai ya yanke shawarar inda dole sunan ya dawo.

Sai yanzu ne za ku kawo tambayoyin auna fahimta irin na jarrabawa. Ko BECE ce ta aji uku na ƙaramar sakandare, ko WAEC da NECO, ko Turancin JAMB da ya zama wajibi a kan kowane ɗalibi, duk akwai labarin da za a karanta a amsa tambayoyi. Ku saba masa ya karanta tambayoyin kafin karatu na biyu, kuma duk amsar da ya bayar ya ɗora yatsa a kan layin da ya samo ta. Ku lura da wani tarko: yaro ya kwafo jimla sukutum daga labari a matsayin amsa, tana farawa da he ko they, mai duba takarda bai ga wanda ake nufi ba. A ɓangaren taƙaita labari na WAEC irin wannan kwafe na jawo asarar maki. Dokar gida ita ce amsa ta fara da suna, wakilinsa ya biyo baya.

A ƙarshen kowane mako ya rubuta nasa sakin layin, jimla shida a kan abin da ya gani da idonsa, misali direban adaidaita sahu da fasinja suna jayayya a kan canji a Ƙofar Nasarawa. Sai ƙaninsa ko abokinsa ya karɓi fensir ya ja kibiyoyin. Duk inda mai jan kibiya ya tsaya yana tambaya "wannan he ɗin waye?", ku mayar wa marubucin takardarsa ya gyara wurin. A wannan zaman kada ku taɓa kuskuren harafi ko na lokacin aikatau, ku ware musu wata ranar daban.