Kurakuran masu tsara yaƙi da biba a Tierra del Fuego

Na gaji da karanta tsare-tsaren ɗalibai a kan biba, ƙaton ɓeran ruwan nan mai sare itace yana datse rafi. Farkon labarin kowa na kawo shi daidai: a 1946 Ajantina ta ɗauko guda 20 daga Kanada ta saki a tsibirin Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin Kudancin Amurka, don cinikin fata. Babu kyarkeci ko wani abin da ke cin su a can, sai suka hayayyafa har dubun dubata. Daga nan kuma sai kwaɓa ta fara.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "a biya mafarauta kuɗin kowace wutsiya". An gwada wannan a tsibirin, bai kai ko'ina ba. Mafarauci ai ba wawa ba ne. Zai kafa tarkonsa a rafin da ke bakin hanya, inda mota ke kai shi, ya bar na cikin ƙungurmin daji suna ta haihuwa. Kuma wa ya taɓa yanka saniyar da yake tatsa? Rage yawa daban, ƙarar da su daban. 'Yan ƙalilan da suka rage, waɗanda suka gane tarko, su ne ke cin kuɗi da lokaci. Na taɓa ɓata watanni a kan wani tsari da masu ba da kuɗi suka yanke masa kason komawa a duba rafukan, wai almubazzaranci ne. Haba! Tun daga lokacin, duk takardar da ba ta ware kuɗin sa ido na shekaru ba, mayar wa mai ita nake yi.

Na biyu, taswirar da ke tsayawa a kan iyaka. Yammacin tsibirin na Chile ne, gabas na Ajantina, amma kogin Río Grande daga Chile ya taso ya faɗa teku a Ajantina, tafkin Fagnano ma ya ratsa ƙasashen biyu. Dabbar da ta yi iyo ta haye mashigin Beagle zuwa tsibirin Navarino, aka kuma gan ta a babban yankin nahiyar a shekarun 1990, layin taswirarka ne zai tare ta? Ka share naka ɓangaren, na maƙwabci su gangaro su gaje gidan. Abin da ya sa ƙasashen suka rattaba hannu kan yarjejeniyar yaƙar biba tare a 2008 ke nan. Ni da kwarin kogi nake raba aiki, daga tushe zuwa baki.

Kada ka fasa madatsa kafin ka gama kama mazaunanta, cikin 'yan kwanaki za su gyara.

Ka nemi izinin masu gonakin tumaki tun farko, gona ɗaya da aka hana ku shiga ta isa ta zama matattara.

Kuma ku daina rubuta cewa daji zai dawo da kansa. Itacen lenga, wanda ya cika dazukan tsibirin, ba ya tohuwa daga kututture, wanda ruwa ya shanye kuwa a tsaye yake bushewa, fari fat. In tafkin da biba suka datse ya ƙafe, ciyawa ce ke rigan kowa mamaye wurin, yawanci ma baƙuwa. A sa kuɗin dashe a cikin kasafi.