Yadda za ka gano abin da ya hana kwamfutar tebur tashi daga faifan cikinta

Ka danna maɓalli, fanka ta fara juyawa, tambarin kamfani ya fito, sai ga baƙin allo da rubutu: "No bootable device", ko kuma a HP "Boot Device Not Found" da lamba 3F0. Roƙon da zan fara yi maka shi ne kada ka yarda a yi mata fomatin tukuna. Na ga mai shagon buga takardu da ya rasa aikin shekaru saboda an yi garajen sa masa sabon Windows, alhali wata 'yar waya ce kawai ta saki. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Fara da mai sauƙi. Zare filas, katin memori da duk wani faifan waje, ka duba ko an manta CD a ciki, sannan ka sake kunnawa.

Idan ta ƙi, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi. Da ka kunna, yi ta danna F2 idan Dell ce, F10 a HP, F1 a Lenovo, Delete kuma a yawancin waɗanda aka harhaɗa. Abu ɗaya ka shigo nema: shin sunan faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira hard disk, ya fito a jerin kayan da injin yake gani? Sauran aikin duk a kan amsar nan ya rataya.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kuma dubi kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, wato babban allon da aka jona duk kayan cikin injin a kansa, ne ya mutu. Sunansa CR2032, mai bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigo mana da su na hannu sun cika wannan. Da ya mutu, saiti ya kan koma na asali, sai injin ya riƙa neman Windows ta tsohuwar hanyar tashi mai suna Legacy alhali da sabuwar, UEFI, aka sa shi, ko akasin haka. Canza batirin, gyara kwanan wata, ɗora faifan ko "Windows Boot Manager" a saman jerin tashi, ka adana. In ta ƙi, gwada ɗaya hanyar tashin, Legacy ko UEFI.

To, idan BIOS bai ga faifan ba fa? Kashe, zare wayar wuta daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. Buɗe murfin, ka taɓa ƙarfen akwatin tukuna. Wayoyi biyu ne ke shiga faifan SATA: siririya mai fil 7 ta bayanai, da mai faɗi mai fil 15 ta wuta. Zare su, kaɗe ƙurar hunturun da ta taru, ka mayar har su zauna daram. Gwada wani ramin a madabod, ko wata wayar. Idan ka kunna, kara kunnenka. Jin ƙas-ƙas-ƙas a jere alama ce faifan ya lalace daga ciki. Kashe nan take, domin kowace kunnawa ƙara ɓata shi take yi, ka kai wa masu ceto bayanai.

Idan kuwa BIOS yana ganin faifan amma Windows ya ƙi tashi, galibi fayilolin tashi ne suka lalace, musamman in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki. Samo filas mai gig 8, a haɗa maka Windows a kai da manhajar Microsoft mai suna Media Creation Tool. Tashi daga shi da F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP. Kada ka danna "Install". Zaɓi "Repair your computer", sai Troubleshoot, sai Startup Repair. Bai yi ba? Koma Troubleshoot, buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin rubuta umarni, ka rubuta bootrec /rebuildbcd. Idan an kulle faifan da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda sau da yawa yana cikin asusunka na Microsoft.

In duk wannan ya faskara, ciro faifan ka jona shi a wata kwamfutar, ka kwashe takardunka da hotunanka, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbatar suna aiki. Sai a lokacin za a yi maganar sabon Windows.