Idan motarka na dukanka a kan gargada

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu kukan motarsu ta yi tauri, kowane ɗan rami sai ka ji shi har ƙashin baya, kafin ku kashe kuɗi wajen bakanike ku fara duba iskar taya. Tawa haka ta dame ni wata biyu, ashe mai faci ne ya ɗura wa tayoyin iska har 45 a ma'auni, alhali takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba 32 ta ce. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗauki zafi. Ina ragewa sai motar ta koma kamar ba ita ba.

In iska daidai take, dubi rim. Babban rim mai siririyar taya yana da kyan gani, amma robar ba ta da kaurin shanye duka. Wanda lambar girman tayarsa 225/40R18 ce (rim 18) zai iya komawa 205/55R16 (rim 16), tsayinsu kusan ɗaya ne, amma ka tabbatar rim ɗin ba zai taɓa birki ba.

Shokozoba kuma, in tana yoyon mai ta mutu. Canza biyu tare, hagu da dama, a duba bushin ma, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota.