Kurakuran da ake yi wa mai shanyewar ɓarin jiki bayan an sallamo shi

Wallahi na gaji da zuwa dubiya ina tarar da abu ɗaya, an kwantar da mutum a katifa, kowa Allah ya ƙara sauƙi, amma ba mai bari ya ɗaga ko yatsa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne jan hannun da ya shanye wajen tada shi zaune. Don Allah ku daina! Naman da ke riƙe kafaɗar nan ya saki, kana fizga ƙashin ke zamewa daga gurbinsa, har rami za ka gani wanda yatsa zai shiga. Haka aka yi wa Babanmu, duk wanda ya shigo gaisuwa yana neman lada sai ya cafko hannun ya ɗago shi, ƙarshe ciwon kafaɗa ya hana shi barci, gashin da ake masa a asibiti ma sai da aka dakatar don ko taɓa wurin aka yi sai ya yi ƙara, lokacin da ya fi tsada kenan ya wuce mu, tunda watannin farko jiki ya fi saurin dawowa. Ni ta bayan allon kafaɗa da ƙugu nake tallafar mutum, in ya zauna kuma na tura filo ƙarƙashin hannun kar ya dinga reto.

Sai tausayin nan da ke cutarwa. Abinci a baki, buta a riƙe masa, maɓallin riga a ɓalla masa, to yaushe hannun zai koyi aiki? Wani bincike da ya fito a Amurka a 2006 kan mutum 222 masu ɗan sauran motsi a yatsu, an rufe wa wasu lafiyayyen hannun da safa na sati biyu, mai raunin ya dinga aiki har awa shida a rana, kuma bayan shekara guda sun fi sauran amfani da hannun. Ban ce ku je ku ɗaure hannun kowa ba, wannan aikin likitan gashin ƙashi ne, amma ku bar shi ya ja carbinsa ya ɗauki cokali, ko zai ɓata riga a wanke. Kwanciyar ma cin jiki take, a 2007 an kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 kacal, kusan kilo ɗaya na naman ƙafa ya zube.

Masu garaje kuma ku ji, wani bincike na 2015 kan sama da mutum 2,000 ya nuna yawan tada mara lafiya cikin awa 24 na farko bayan ciwon ya same shi yana rage samun sauƙi. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi, ni bayan kowace sallah nake sa a yi motsa jiki na minti goma.

Ruwan zafi a fatar da ba ta ji ƙuna ce kawai, ku fara gwadawa da hannunku. Tausa da man zafi ba ta maye gurbin motsin da shi zai yi da kansa. Silifas kayar da mutum yake, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. Wanda bai iya juyawa a juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ga mutum ya fara takawa, ta nan ciwon ke dawowa.